Na daina tauye awo, amma zuciyata ba ta kwanta ba

Mai hatsi daga Maradi:

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina sayar da hatsi a kasuwa, kuma na shafe kusan shekara uku ina awo da tiya biyu: babba idan zan saya daga manoma, ƙarama idan zan sayar, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka ƙare, hatsi ya yi tsada. Wata Lahadi aka karanta Amos 8:5, inda annabin yake tsawata wa masu rage mudu, sai na ji kamar sunana aka kira. Na fasa ƙaramar tiyar, na roƙi gafarar Ubangiji da hawaye. Duk da haka wata biyar ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kansu don tunawa da mutuwar Almasihu, domin yawancin waɗanda na cuta mutanen ƙauye ne da ban san inda suke ba. Shin tubana ya karɓu alhali ban mayar da hakkinsu ba? Ko kuwa dogara ga alherin Allah a nan wata hanya ce ta gudun biyan bashi?

Dattijon ikkilisiya:

Ɗana, Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya da ka iya faɗin wannan a fili. Ina so ka dubi mutum biyu da suka yi wa Yesu laifi a dare ɗaya. Yahuza ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 ɗin da ya karɓa don ya ba da Yesu ga masu neman kama shi, ya kuma furta da bakinsa cewa ya ci amanar marar laifi, kamar yadda Matiyu 27 ya nuna. Ka lura, shi ya mayar da kuɗin, amma bai koma ga Ubangiji ba, sai ya tafi ya rataye kansa. Bitrus kuwa ya yi musun sanin Yesu sau uku, ba shi da abin da zai mayar, ya fita ya yi kuka mai zafi, daga baya kuma a bakin tekun Galili Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya damƙa masa kiwon tumakinsa. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya nufa da baƙin cikinsa. Wannan ne Bulus yake bayyanawa a 2 Korintiyawa 7:10, cewa akwai baƙin cikin da ke kai mutum ga tuba da ceto, akwai kuma wanda ke kai shi ga mutuwa.

Abin da nake tsoro game da kai shi ne, ka maida wata biyar ɗin nan hukuncin da kake yanke wa kanka, kana jiran ranar da za ka ji ka biya abin da ya isa. Ranar nan ba za ta zo ba, domin ko ka nemo kowane manomi ka cika masa awonsa, laifin da ka yi wa Allah ba a auna shi da tiya. Dawuda ya cuci Uriya cutar da ba ta gyaruwa, mutumin ya riga ya mutu, amma a Zabura 51 jinƙan Allah kaɗai ya riƙe. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba ne. Ka je wurin fastonka, ka gaya masa abin da ka gaya mana, ka koma teburin Ubangiji.

Wata uwa daga Tibiri:

Baba ya faɗi gaskiya, amma da izininsa zan ƙara abu ɗaya, domin ni ina cikin masu sayen tiya guda su ciyar da gida, na kuma san yadda tuwon dare yake kasawa idan awo bai cika ba. Kada kalmar alheri ta sa mu manta da yaran gidajen da aka tauye wa awo. A Luka 19, Yesu ne ya fara cewa zai sauka a gidan Zakka mai karɓar haraji tun mutumin bai yi alkawarin komai ba, wannan shi ne alherin. Amma da alherin ya shiga gidan, Zakka ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya ce wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ba da wannan ya sayi gafara ba, gafarar ce ta kwance masa hannu. Saboda haka, ƙanena, waɗanda ka sani ka same su ido da ido, ko da kunyar za ta yi maka nauyi. Waɗanda ba ka sani ba kuwa, ka ƙiyasta abin da ka rage tsakaninka da Allah, ka fitar da shi hatsi ga gwauraye da marayu idan damina ta yi tsakiya.

Mai hatsi daga Maradi:

Na gode, Baba, na gode, Mama. Maganar Yahuza ta girgiza ni, domin ban taɓa lura cewa shi ma ya mayar da kuɗi ba. Na zauna na tuna mutum bakwai da suka saba saye a wurina, huɗu daga cikinsu Musulmi ne maƙwabtana, kuma zuwa wurinsu ne ya fi ba ni tsoro, don sun san ni da zuwa majami'a. Zan fara da wata tsohuwa mai sayar da fura ranar Juma'a, in kuma ga fasto kafin Lahadi. Ku sa ni cikin addu'a kada ƙafata ta yi sanyi a ƙofar gidanta.