Neman shawara: LASIK, PRK ko SMILE ga wanda ba ya ganin nesa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gyaran ido da hasken leza. Shekaruna 29, ba na ganin nesa sai da tabarau, lambar idon dama -4.50 ce, ta hagu -5.00, kuma ta daɗe ba ta canza ba. Likita ya auna kaurin koniya, wato fatar nan garai-garai da ke rufe baƙin ido, ya ce maikiron 490 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma hoton taswirarta bai nuna matsala ba. Ya ambata mini LASIK da PRK da SMILE, ya ce in yi tunani. Raina ya fi kwantawa da LASIK domin an ce washegari ake gani sosai, sai dai idanuna kan bushe idan na daɗe gaban kwamfuta, kuma ina buga ƙwallon ƙafa. Wanne ya fi dacewa da ni?

Wata ma'aikaciyar asibitin ido:
Wa alaikumus salam. Malam, ka mayar da hankali kan wannan lamba ta 490, domin kaurin koniyar yawancin mutane yana kusa da maikiron 540, taka kuwa tana cikin marasa kauri. Dukkan ayyukan uku suna rage naman koniya ne don a rage tudunta, hasken da ke shiga ido ya sauka daidai inda ya kamata. A LASIK ana yanka siririn murfi mai kaurin maikiron 100 zuwa 120, a ɗaga shi, leza ta kankare ƙasansa, sannan a mayar da shi. Lamba -5.00 tana cin kimanin maikiron 70, saboda haka abin da zai rage maka a ƙarƙashin murfin yana tsakanin 300 da 320 ne kawai, alhali likitoci da yawa ba sa son ya gaza 300. Idan abin da ya rage ya yi kaɗan, koniya na iya raunana ta kumburo gaba bayan watanni ko shekaru, kuma wannan matsala ce mai wuyar gyara.

A PRK ba a yin murfi. Ana cire ɓawon saman koniya ne kawai, wanda ke sake tsirowa da kansa, shi ya sa naman da ke ragewa ya fi yawa. Ga shi kuma LASIK ya fi yanke jijiyoyin da ke sa ido ya fitar da hawaye, wanda ke fama da bushewar ido tun kafin aiki yakan fi jin jiki bayansa. Murfin ma ba ya haɗewa kamar yadda yake tun asali, kuma bugu mai ƙarfi a filin ƙwallo na iya gusar da shi, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa. A ganina, PRK ya kamata ka fara tattaunawa da likitanka a kai.

Wani da aka yi wa PRK:
Ɗan'uwa, na yarda da abin da Malama ta faɗa, amma ka shiga da sanin wahalarsa. Kwanakin farko akwai raɗaɗi da zubar hawaye da rashin jure haske, ana kuma manna maka siririn gilashi a ido har ɓawon ya tsiro, abin da kan ɗauki kwana 3 zuwa 5. Ni ganina bai daidaita sosai ba sai bayan wasu makonni. Ka nemi hutu isasshe, ka kiyaye lokacin ɗiga magani, ka kuma riƙa sa baƙin tabarau a rana, domin hasken rana yana ƙara haɗarin hazo a koniya.

Wani ɗan zauren:
Ni ina ganin bai kamata a kawar da SMILE da wuri ba. Leza ce ke yanka ɗan faifan nama a cikin koniya, a zaro shi ta ƙaramar kafa mai milimita 2 zuwa 4, babu murfi, bushewar ido kuma takan yi sauƙi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016, PRK kuwa tun 1995.

Ma'aikaciyar asibitin ido:
Gaskiya ne, SMILE yana kawar da damuwar murfi, amma shi ma yana cin naman koniya sosai, kuma idan ya zama sai an ƙara gyara daga baya, galibi PRK ake komawa. Malam mai tambaya, ka roƙi likita ya rubuta maka kaurin da zai rage a kowane aiki, ya kuma auna hawayenka, a yi maganin bushewar kafin a taɓa idon. Idan kana sa gilashin mannawa mai laushi, ka ajiye shi kimanin mako biyu kafin awo, domin yana canza siffar koniya.

Wani dattijo da aka yi wa LASIK:
Yarona, leza ba ta hana buƙatar tabarau na karatu idan ka haura 40, ba ta kuma rage tsawon ƙwayar idon da ya jawo rashin ganin nesa, saboda haka ka ci gaba da zuwa a duba bayan idonka. Ka adana takardun awon da aka yi maka kafin aiki, domin ana buƙatarsu ranar da za a cire yanar ido, kuma awon hawan jinin ido yakan nuna ƙasa da gaskiya bayan an rage kaurin koniya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan koma wurin likita da buƙatar awon hawaye da lissafin kaurin da zai rage, sannan in nemi ra'ayin likita na biyu kafin in tsayar da shawara tsakanin PRK da SMILE.