Wai manoman Chaina da suka kamu da ƙanjamau wajen sayar da jini ba sa shafa wa matansu?

Abban Sadiq: Jama'a ni fa har yanzu ina nan kan bakana. Manoman nan na lardin Henan a Chaina da suka kamu da HIV a shekarun 1990, talauci ne ya kai su sayar da jini, ba neman mata ba. Mutanen ƙauye ne, kowa da matarsa ɗaya. Tunda gwamnati ta rufe wuraren ɗibar jinin a 1995 zuwa 1996 ai zance ya ƙare, cutar ta tsaya a kansu. Duk mai cewa ta ci gaba da yaɗuwa ta hanyar jima'i ɓata musu suna kawai yake.

Anti Jummai: Haba Abban Sadiq, wa ya ce mazinata ne? Ba wanda ya faɗa. Amma ƙwayar cutar nan ina ruwanta da ƙofar da ta shigo, in ta shiga jini ta shiga maniyyi ta shiga nonon uwa. Ka san ma yadda aka yi kuwa? Za a ja jinin mutane da yawa masu rukunin jini ɗaya a zuba a inji guda, injin ya juya ya ware ruwan nan mai kalar ɗorawa a sayar wa kamfanonin magani, sauran jan da ya riga ya cakuɗe kuma a raba a mayar wa kowa a jijiya don ya samu ƙarfin dawowa da wuri. Duk a kan yuan 50 na kuɗin Chaina ko ƙasa da haka fa. Mutum ɗaya mai cutar ya isa ya shafa wa duk layin.

Abban Sadiq: To ai kin ƙara min hujja Anti, allura ce da inji.

Anti Jummai: Tsaya mana ban gama ba. Bayan sun sauka daga gadon ɗibar jinin ina suka nufa? Gida, wajen iyalinsu. Kuma ba su san suna ɗauke da komai ba, cutar nan tana iya shekara 8 zuwa 10 mutum garau yana noma. Sai a 1999 likita Gui Xien ya shiga ƙauyen Wenlou ya gwada mutane, babban gwajin gwamnatin Henan kuma sai 2004, aka gwada wajen mutum 280,000 aka samu kusan 25,000 da ita. Ka lissafa shekarun da miji da mata suka yi a ɗaki ɗaya ba kwaroron roba ba magani, ana ta haihuwa ana shayarwa. Wlh abin nan yana taɓa ni, na sha zama da matar da aka miƙa wa takardar gwaji a wurin awo tana juya ta tana cewa ni ban taɓa sanin kowa ba sai shi.

Malam Habu: Ku bari in shiga tsakani. Abban Sadiq yana da ɗan gaskiya ta gefe ɗaya, a gidaje da yawa mijin da matar duk sun sayar, to ba ka iya cewa wane ya shafa wa wane. Kuma yaɗuwar tsakanin ma'aurata ba ta yi gudun ta injin ba. A yankin Zhumadian da ke Henan an bibiyi ma'aurata 1,927 da ɗaya ke da ita ɗaya ba shi da ita, daga 2006 zuwa 2008, mutum 84 suka kamu.

Abban Sadiq: Yauwa Malam! 84 cikin kusan 2,000, ai kaɗan ne.

Maman Hanifa: Kaɗan? Yaya kai ma dai. Waɗannan fa sun riga sun sani, an musu bayani, ana ba su magani kyauta tun da gwamnati ta fito da tsarin ba da shi kyauta a 2003, duk da haka 84 suka kamu cikin shekara 3 kacal. To ina ga shekarun da ba wanda ya sani, lokacin da jami'ai ke ta rufa-rufa suna takura wa likita Gao Yaojie don ta tona asiri? Ga zawarawan da mazansu suka rasu suka sake aure a wani ƙauyen ba gwaji.

Abban Sadiq: Na ji ta zawarawan, wannan ban yi tunaninta ba gsky. Amma ni abin da ke min ciwo a riƙa haɗa su da masu yawon banza.

Anti Jummai: Ai wannan tunanin ne ma yake hana mata zuwa gwaji, sai ta ce mijina ba mai yawo ba ne me zai kai ni. Alhali in an gano da wuri ya riƙe shan maganin har ƙwayar ta daina nunawa a gwaji, ba zai shafa mata ba. Malam Habu in kana da takardar binciken Zhumadian ɗin turo mana, ina son ganin mata nawa ne cikin 84 ɗin.