Baffan maigida zai zo daga Maiduguri: wane abinci da wane abin sha zan haɗa masa?

Amarya daga Kano:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga irin wannan hali. Baffan maigidana, wanda shi ne ya karɓa masa aure ranar ɗaurin aurenmu, zai zo daga Maiduguri ranar Juma'a, kuma wannan ne karon farko da zai ci girkina. Dattijo ne, yana da ciwon suga, kuma da la'asar zai iso bayan tafiyar kusan kilomita 600 ta Damaturu da Potiskum da Azare cikin wannan zafi na bazara. Maigida ya ba ni naira 30,000 na cefane. Zuciyata ta rabu biyu: ko tuwon shinkafa da miyar taushe in haɗa da zoɓo, ko alkubus da farfesun kaza in haɗa da kunun aya. Wuta ba ta zama a unguwarmu, saboda haka ba na son abin da zai dogara da firji.

Uwargida daga Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yi masa waina da miyar taushe wadda ta ji kabewa da gyaɗa da tantaƙwashi, ki jiƙa shinkafar tun daren Alhamis domin ƙullin ya tashi sosai. Abin sha kuwa, ki dama fura da kindirmo mai kauri, ki zuba suga da zuma yadda za su ji. Ban taɓa ganin baƙon da ya ɗaga hannu daga wannan haɗi yana ƙorafi ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Hajiya, a yi mini afuwa, amarya ta ce dattijon yana da ciwon suga. Fura da zuma a kan wainar shinkafa nauyi ne a kan nauyi, kuma fura ita kanta abinci ce mai cika ciki, ba abin kora tuwo ba. Alkubus na garin alkamar da ba a cire mata dusa ba ya fi dacewa da shi, tare da miya mai yawan ganye. Zoɓon a dafa shi da citta da kanumfari, a bar shi babu suga, a ajiye sugan a gefe domin sauran mutanen gida. Sai dai zoɓo yana sauke hawan jini, don haka ki sa maigida ya tambaya cikin hikima ko Baffa yana shan maganin hawan jinin.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai roƙona ɗaya ne, ki nisanci kunun aya. Lokacin da uwar mijina ta fara zuwa gidana tare da ƙannenta, na kwana ina gyaran aya, na wanke ta, na jiƙa, na kai inji tun da sassafe tare da dabino da kwakwa, na tace har hannuna ya yi sanyi. Kunun ya yi kyau, fari ƙal. Na sa a firji da wuta, kafin hantsi aka ɗauke ta, kuma ba a dawo da ita ba har magariba. Baƙin da aka ce za su zo da azahar sai bayan la'asar suka iso. Da aka zuba wa Hajiya a kofi ta kai baki, sai ta ajiye, ta ce a ba ta ruwa. Ba ta ce komai ba, amma ƙanwarta ta ɗaga murya ta ce ashe a gidan nan da ruɓaɓɓen kunu ake tarbar iyaye. Kazar da na soya da shinkafar da na dafa duk ba wanda ya ambace su. Har yau in an taru a gidan biki sai wata ta tambaye ni ko na iya kunun aya yanzu, alhali 'ya'yana sun shiga makarantar sakandare. Dangin miji ba sa manta abin da ya lalace, kuma ba sa tambayar dalili.

Uwargida daga Zariya:
Allah sarki, 'yar'uwa, wannan ba laifinki ba ne. Aya ba ta da haƙurin zafi, awanni kaɗan ne ta juya. Wadda ta faɗi wannan magana ba ta kyauta ba, kuma mijinki ya kamata ya tsaya miki a ranar.

Maman 'Yan Biyu:
Shiru ya yi, Hajiya. Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan maganar.

Magidanci daga Fagge:
Ni ne nake yin cefanen gidana, kuma naira 30,000 ta isa har da canji. Makon jiya na sayi zakara babba a kan 7,000. Ki sayi biyu, saura ya ishe ki kayan miya da garin alkama da zoɓo.

Mai girkin biki:
Malam, ban san inda ka samu wannan zakara ba. Ni sana'ata ke nan, kuma kazar gida mai nama da za a sa a gaban dattijo ban same ta ƙasa da 11,000 ba a wannan watan. Ba ka lissafa man gyaɗa da gas ba, domin ba kai kake tsayawa a gaban murhu ba.

Magidanci daga Fagge:
Hajiya, mai ci shi ya san abin da ke burge baƙo. Dattijo namiji ne zai zo, mu maza mun fi sanin abin da ɗan'uwanmu yake so a sa masa.

'Yar Maradi:
Mu nan da jaka uku na sefa kina samun kaza, amma zabo ya fi daraja a gaban babban mutum. Kuma ni a ganina shawarar ma'aikaciyar jinya ce abar bi, tunda ita kaɗai ta karanta tambayar har ƙarshe.

Bafulatani daga Yola:
Ni ban ga abin wahala ba. Babarbare ne fa zai zo, yaronmu ne. Ki miƙa masa ƙwaryar nono ki ce ubangidansa Bafulatani ya aiko, za ki ga ya rusuna ya karɓa da hannu biyu.

Babarbariya mazauniyar Kano:
Kai da ba ka san komai ba sai bin saniya, bari masu gari su yi magana. Amarya, ki saurare ni. Kada ki gwada yi masa burabusko ko wani abincinmu na Barno, domin zai auna shi da na gidansa, kuma ba a nan za ki ci nasara ba. Ki yi abin da hannunki ya saba. Mutumin da ya wuni a mota ruwa mai sanyi yake fara nema, ko na randa ne. Bayan ya yi salla ya huta sai ki kawo alkubus da farfesun, kada yaji ya yi yawa. Abin da dattawanmu suke lura da shi ƙwarai shi ne shayi bayan abinci, mai citta da na'a-na'a, da ɗakin da aka turara da turaren wuta kafin baƙo ya shiga.

Mai girkin biki:
Maganar shayi gaskiya ce. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne, yaushe maigidan ya sanar da ke zuwan nan? Yawancin matan da suke kirana a gigice, da daddare ake gaya musu gobe akwai baƙi.

Amarya daga Kano:
Jiya ya gaya mini, Anti, kuma yanzu ya ƙara da cewa wataƙila Baffa ya zo da abokan tafiya biyu.

Maman 'Yan Biyu:
Kun ji irinta. Baƙo ɗaya ya zama uku, kuɗin cefane kuwa yana nan yadda yake. In abinci ya kasa, sunan matar za a kira, ba na wanda ya ba da kuɗin ba.

Magidanci daga Fagge:
A yi mana adalci. Baƙon ƙauye da na birni duk ba sa faɗin adadinsu, kuma ba zai yiwu mutum ya tambayi baffansa su nawa ne za su zo ba. Albashin ma bai ƙaru ba balle kuɗin cefane.

Uwargida daga Zariya:
Ba a ce ka tambayi baffanka ba, Malam. An ce in ka ji baƙi sun ƙaru, ka ƙara abin da ka bayar, ko ka biya kasuwa da kanka ka shigo da kaza a hannu. Amarya, ki koma ki same shi yau da daddare ku yi lissafin mutum uku, ki zo ki gaya mana nawa ya ƙara.