Amosanin gaɓɓai: wai fatar cikin gaɓa ce ke rura wutar?

Ɗalibin_Lafiya:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin abin ku taimaka. A aji an koya mana amosanin gaɓɓai mai kumburi garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar gaɓa, to sai na ga wasu bincike a kan ɓeraye na cewa ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikin gaɓar su ma suna da hannu. Ashe ba su ake zalunta ba?

Dr_Hauwa:
Wa alaikas salam ƙanina. Garkuwar jiki tana ciki kam, amma ba ita kaɗai ba ce. Wannan siririyar fatar da ake kira sainobiyam, a lafiyayyen mutum kaurin samanta bai wuce layin ƙwayoyi ɗaya zuwa uku ba, aikinta ta samar da ruwan da ke sa gaɓa santsi. Idan ciwon ya zauna sai ƙwayoyinta masu samar da ruwan, waɗanda ake kira faibiroblas, su rikiɗe, su yi ta yawa fatar ta yi kauri ta hau kan guringuntsi tana cinsa, ga sinadarin IL-6 da suke fitarwa yana ƙara kumburi, ga wani sinadarin nasu mai suna RANKL yana tayar da ƙwayoyin da ke zaizaye ƙashi. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne gwajin 1996, an ɗebo waɗannan ƙwayoyin daga gaɓar marasa lafiya aka dasa su tare da guringuntsi a jikin ɓeraye marasa garkuwa, wlh su kaɗai suka kutsa cikin guringuntsin suna ci ba wanda ya tura su. A 2009 kuma a Jamus aka nuna suna iya bin jini su tashi daga wannan gefen ɓeran su je su ɓata guringuntsin da ke ɗaya gefen.

Malam_Bature77:
Ƙari kan bayanin likita, a 2019 masu bincike a Jami'ar Bamingham ta Ingila sun nuna ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Na saman fatar su ke lalata guringuntsi da ƙashi, na ƙarƙashi kuma su ke jawo kumburi. Da aka kawar da su a ɓeraye ciwon ya lafa.

Ɗalibin_Lafiya:
Ikon Allah. To likita me ya hana a yi maganin da zai nufe su kai tsaye?

Dr_Hauwa:
An gwada fa. Akwai furotin kadarin-11 da ke manne ƙwayoyin da juna, a 2007 an ga ɓerayen da ba su da shi gaɓarsu ba ta lalacewa sosai, amma da aka kai maganin da ke toshe shi ga mutane bai yi aikin da aka so ba. Ciwon ɓera mu muke haddasa shi a 'yan makonni, na mutum kuwa shekaru yake yi yana ginuwa. Duk da haka ni ina ganin nan ya kamata a ci gaba da tono, saboda akwai marasa lafiya da yawa da magungunan danne garkuwa ba sa musu komai, gaɓarsu na ta lalacewa muna kallo.