Me ya sa koci zai bar gasar ƙwararru ya koma horar da ɗaliban jami'a?

Abu Fatima:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu bibiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ce, wadda ake gudu da ƙwallo a hannu. Na karanta cewa Nick Saban ya ajiye aikin horar da Miami Dolphins, ƙungiyar da ke gasar ƙwararru ta NFL, ya koma Jami'ar Alabama a 2007, kuma a can ya zauna har ya yi ritaya a Janairun 2024. A ganina wannan ci baya ne, tunda ɗalibai ya koma horarwa. Mene ne matsayin kocin jami'a a ƙasar, kuma wace hanya mutum yake bi kafin ya hau wannan kujera?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Fatima. A jihar da ba ta da ƙungiyar NFL, irin Alabama, ƙungiyar jami'a ita ce ta kowa da kowa. Filin wasan jami'ar da ke Tuscaloosa yana ɗaukar kimanin mutum 100,000, kuma a jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'a albashi. Shi Saban, a ƙarshen aikinsa, abin da yake karɓa ya haura dala miliyan 11 a shekara.

Amma hanyar doguwa ce. Ya fara a 1973 a Jami'ar Kent State, inda ya buga wasa, a matsayin ƙaramin mataimaki a ƙarƙashin babban koci Don James. Irin wannan mataimaki shi ne mai kwana a gaban bidiyon wasannin abokan hamayya, yana maimaita kallo yana rubuta yadda suke jeruwa a fili, ga lada kaɗan. Daga nan ya yi ta ƙaura da iyalinsa daga jami'a zuwa jami'a, Syracuse, West Virginia, Ohio State, Michigan State da sauransu, sai a 1990 aka damƙa masa ƙungiya tasa ta kansa a Jami'ar Toledo. Shekara ɗaya ya yi, ya tafi ƙungiyar Cleveland Browns ta NFL yana kula da 'yan tsaron baya a ƙarƙashin Bill Belichick. Bayan haka ya jagoranci Michigan State, sannan Jami'ar Jihar Louisiana (LSU), inda ya ci kofin ƙasa na kakar 2003. A Miami kuwa kaka biyu ya yi, ya ci wasa 15 aka ci shi 17. Da ya koma Alabama sai ya ƙara kofi shida, na farko a kakar 2009, na ƙarshe a ta 2020.

Ummu Khalil:
Ina so in tsaya a kan dalilin da ya sa mutum ɗaya ya kasa a Miami ya kuma yi fice a Alabama, domin a nan amsar tambayar take. A NFL, ƙungiyar da ta fi kowa rauni ita take fara zaɓar sababbin 'yan wasa, kuma akwai iyaka ga abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi, don haka komai ƙwarewar koci ba zai tara gwanaye yadda yake so ba. A jami'a babu wannan tsarin zaɓe. Koci ne yake zuwa da kansa gidan yaro mai shekara 17, ya zauna a falo da mahaifiyarsa, ya amsa tambayoyinta a kan karatu da tarbiyya da wanda zai kula da ɗanta idan ya ji rauni. Wanda ya iya wannan zama, kuma iyaye suka ga yaran da suka bi ta hannunsa suna shiga NFL, kowace shekara gwanaye za su riƙa zuwa masa. Ni a nan nake ganin rabin aikin, kuma abin yana burge ni, domin amana ce uwa take bayarwa.

Haka kuma ana auna koci da mataimakan da ya yaye. Kirby Smart ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin Saban kafin ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Georgia, ya kuma ci kofi a kakar 2021 da ta 2022.

Abu Sadiq:
Na gamsu da bayanin Malama, sai dai kada mu ɗauka duk koci haka rayuwarsa take. Eddie Robinson ya kama aiki a Grambling, makarantar baƙar fata da ke Louisiana, a 1941, lokacin da manyan jami'o'in kudancin ƙasar ba sa karɓar baƙar fata, bai bar wurin ba sai 1997, bayan ya ci wasa 408. Irin wannan daɗewa ta yi wuya a yau. A Nuwamban 2023 Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, alhali sai ta biya shi fiye da dala miliyan 75 na sauran kwantiraginsa, don kawai nasarorinsa ba su kai yadda masu zuba kuɗi suke so ba.

Sannan zaman falon da Malama ta ambata ya sauya. Tun daga Yulin 2021 ɗan wasan jami'a yana da damar samun kuɗi da sunansa da hotonsa, kuma sauya makaranta ya yi sauƙi ƙwarai. Yanzu koci sai ya shawo kan yaro ya zo, sannan a ƙarshen kowace kaka ya sake lallashinsa kada ya tafi inda aka yi masa tayin da ya fi tsoka.