Neman shawara: tagar saiti ta fi ƙarfin fuskar kwamfutar mahaifina

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina yana da shagon sayar da kayan gini, kuma yana rubuta lissafin ciniki ne a wata ƙaramar laftof mai Windows 10, wadda fuskarta fiksel 1366 ne a faɗi, 768 a tsayi. Saboda ganinsa ya yi rauni, na shiga saitin nuni na rubuta kashi 150 da hannuna domin komai ya ƙara girma, ya kuma ji daɗin hakan ƙwarai. Matsalar ita ce manhajar lissafin tana da tagar saiti wadda ba a iya ragewa ko ƙara mata girma, kuma tun daga ranar ƙasanta ya nutse ƙarƙashin fuskar, tare da maɓallin adanawa. Jiya na same shi ya ɗora tabarau a goshi yana ta jan gefen tagar da linzami, yana so ya canza na'urar buga rasit, ga mai saye a tsaye yana jira. Ba na so in mayar masa da rubutun ƙanana. Mene ne abin yi?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Lissafin tsayin fuskar ne ya kamata ka fara dubawa. Idan ka ƙara girman nuni zuwa kashi 150, manhaja tana ganin tsayin fuskar kamar 768 ne a raba da ɗaya da rabi, wato 512, sannan sandar ƙasa, wato layin da ke ɗauke da agogo da alamomin manhajoji a ƙasan fuskar, ta cinye kusan 40, abin da ya rage bai kai 480 ba. A kashi 125 kuwa tsayin yana komawa 614, ya rage wajen 574 bayan an cire sandar. Tsofaffin tagogi da yawa an tsara su ne da zaton za su sami tsayin da ya kusa 600, shi ya sa nake ba ka shawarar ka sauko zuwa 125, ka kuma sa sandar ƙasa ta riƙa ɓuya da kanta. Kafin nan, idan an matsu, maɓallin Tab yana zagaya duk abin da ke cikin taga har wanda ido ba ya gani, kuma a yawancin irin waɗannan tagogin danna Enter daidai yake da danna maɓallin amincewa.

Amsa ta biyu:

Ni a ganina a mayar da shi kashi 100 kawai a huta, tunda a haka aka gina manhajar.

Amsa ta uku:

Malam, ka yi haƙuri, ban yarda da wannan ba. Dattijon da ke wuni yana duban lambobi ba zai koma yana matse ido ba saboda taga guda da ake buɗewa sau ɗaya a wata. Mahaifiyata ma haka take, kuma abin da na yi mata shi ne na bar nunin a 125, na shiga sashen sauƙaƙa amfani na ƙara girman rubutu shi kaɗai, wanda ake iya kaiwa har kashi 225 ba tare da tagogin sun kumbura ba. Sai dai tsofaffin manhajoji ba duka suke bin wannan saitin ba. A nan ne gilashin ƙara girma na cikin Windows, mai faɗaɗa abin da ke kan fuskar, yake da amfani: a danna maɓallin Windows tare da alamar ƙari ya buɗe, a danna Windows da Esc ya rufe. Cikin kwana biyu ta saba da shi.

Amsa ta huɗu:

Ina rubuta manhaja, don haka bari in bayyana tushen abin. A tsohuwar hanyar gina tagogi, mai tsarawa yana ba kowane maɓalli da kowane akwati wurin zama na dindindin, ba tare da wata ƙa'ida da za ta sake jera su idan girman ya canza ba. Kulle tagar ya fi masa sauƙi a kan rubuta wannan ƙa'idar, kuma a babbar fuskar da yake aiki a kai bai taɓa ganin illar ba. Ba ƙananan manhajoji kaɗai ke da wannan hali ba. A kwamfutocin Apple, tagar saitin da ta zo da macOS Ventura a shekarar 2022 ana iya ja mata tsayi amma faɗinta a kulle yake. Ni dai ina ganin duk tagar da za a kulle, tilas ne a ba ta hanyar gangarawa ƙasa, domin masu ƙara girman nuni su ne masu raunin gani, kuma su ne maɓallin yake ɓace wa.

Akwai wata dabara kuma, Yaya. Ka danna dama a kan alamar manhajar, ka shiga bayananta, sashen dacewa, za ka ga inda ake hana Windows ƙara mata girma ita kaɗai. Tagar za ta fito duka, amma rubutun cikinta zai ƙanƙance, don haka ka gwada a gaban Baba kafin ka bar shi a haka. Ka kuma rubuta wa masu manhajar, ka haɗa da hoton fuskar da girman nunin da kake amfani da shi.

Mai tambaya:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na gwada hana ƙara girman, amma Baba ya ce lambobin sun zama kamar tururuwa, sai na cire. Na sauko zuwa 125, na ɓoye sandar ƙasa, maɓallin adanawa ya fito daidai bakin fuskar, har ya canza na'urar rasit ɗin da kansa. Na rubuta masa maɓallan gilashin ƙara girma a takarda na manna kusa da allon rubutun, kuma da daddare zan aika wa masu manhajar hoton.