Katako na fitowa a karkace daga jointa, ina matsalar?

Ɗan koyo:
Salam iyayen gida. Oga ya bar ni da injin jointa, mai kankare fuskar katako, in miƙar da katakon madaci na ƙofa, na wuce da shi sau biyar amma in na ɗora kan benci sai ya riƙa rawa, kuma wallahi har na manta wace fuska na gyara wacce ban taɓa ba. A taimaka.

Tsohon kafinta:
Yaro fensirinka ina yake? Kafin ka kunna inji zazzana fuskar gaba ɗaya, zane a karkace daga gefe zuwa gefe. Duk wucewa ɗaya ka duba, inda zanen ya rage wuƙa ba ta ci wurin ba, in ya goge duka fuska ta kwanta. Sai ka sa mata alama, ka jingina ta da katangar injin, ƙarfen nan da ke tsaye a gefen teburinsa, ka gyara gefe, shi ma ka sa masa alamar V mai nuna fuskar. Kuma ɓangaren da ya yi kwari shi ke kallon ƙasa, in ka kifa cikin tudu ƙasa zai yi ta lilo ne kawai.

Mai shago a Kano:
Gaskiya ne baba. Ƙari, kar ya danna tsakiya da ƙarfi, katakon zai miƙe a ƙarƙashin hannu ya koma yadda yake da an saki. Cin milimita 1 ya isa. In yana tsagewa juya kan katakon, ka saɓa wa jijiya ne, madaci akwai wannan halin.

Ɗan koyo:
Na gode, ashe tudun nake kifawa.

Tsohon kafinta:
To ka duba katangar da sikwaya ma, ma'aunin kusurwa, ka ga ko a tsaye take daidai. Kuma guntun da bai kai inci 12 ba kar ka kai shi kusa da wuƙa.